Amsoshin Tambayoyinku: Sharhin Lauya a Rediyo Hukunci Ne?

Tambaya: A majalisarmu kullum sai an yi musu, wannan ya ce "masana sun faɗa", wancan ya ce "ai kowa ya sani". Malam, idan lauya ya yi sharhi a rediyo, maganarsa hukunci ce? Kuma me ya hana kotu bin abin da bakin jama'a ya zo ɗaya a kai? Daga wani mai karatu a Kontagora.

Amsa: A'a, ba hukunci ba ce. Lauyan da ke gidan rediyo ba a rantsar da shi ba, sau da yawa bai ga takardun da ke gaban alƙali ba, kuma babu lauyan ɗaya ɓangaren da zai tsare shi da tambayoyi. Ka saurare shi, zai ƙara maka sani, amma ka tuna shi ma yana iya zama ɗan wata jam'iyya.

Ko a cikin kotun ma ra'ayi ba ya shiga kai tsaye. Sashe na 67 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar ra'ayin mutum a matsayin hujja: mai shaida ya faɗi abin da ya gani, ya bar abin da yake zato. Sashe na 68 ne ya ba masani dama, shi ma a fagensa kaɗai, kamar kimiyya, dokar wata ƙasa, al'ada, rubutun hannu ko zanen yatsa. Likita zai iya cewa abu mai kaifi ne ya yi wannan rauni, ya nuna zurfinsa da bakinsa. Ba huruminsa ba ne ya ce wane ya riƙe wuƙar. Alƙali kuma yana da ikon ajiye maganarsa gefe in bai kawo dalili ba. A shari'ar zaɓen shugaban ƙasa, ranar 6 ga Satumba 2023, kotu ta yi watsi da bayanan wasu shaidu, har da masana, domin ba a shigar da su tare da ƙarar cikin kwana 21 ba. Ilimi bai cece su ba, ƙa'ida ta kayar da su.

Ra'ayin jama'a kuwa yana da nasa wurin, wato akwatin zaɓe. Kafin zaɓen 2023 wasu ƙuri'un jin ra'ayi sun sa Peter Obi a gaba, amma da aka ƙirga, Tinubu ya samu kusan miliyan 8.8, Obi ya zo na uku.

Ku a Kontagora kun ga wani salon. Da Sarkin Sudan Sa'idu Namaska ya rasu a Satumba 2021 bayan shekara 47 a karaga, kowace unguwa da nata gwani, Facebook ya ɗauki zafi, ƙorafi ya kai har kotu. Amma ƙuri'a ta masu zaɓen sarki ce, amincewa kuma ta gwamnan lokacin, Abubakar Sani Bello, ɗan garin, kuma Muhammadu Barau Mu'azu ne ya hau. Ban ce surutun gari banza ba ne, masu zaɓen nan a garin suke kwana, kunnensu na ji.

Haka ma a ƙwallo, Doka ta 5 ta wasan ta bar wa alƙalin wasa magana ta ƙarshe, masu duba bidiyo shawara kawai suke ba shi. Duk ihun da za ku yi a gidan kallo, fenaritin da ya busa ya busu.