DARASI: SA'ANDA RUWA YA CI GONA

Karatu: Ishaya 43:1-3; Luka 13:1-5; Ayyukan Manzanni 11:27-30.
Ayar haddacewa: Ishaya 43:2.

Guri tana cikin fadamar ƙasar Hadejia, a Jihar Jigawa. Mutanenta manoma ne da masunta, kogi kuwa shi ne abincinsu. Amma kogin nan da ke ciyad da su, shi ne kuma yakan sa su kuka. Ruwan da ya sauka can ƙasar Kano yakan bi kogin Kano da na Challawa, ya haɗu ya zama kogin Hadejia. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, duk da haka ambaliya ba ta daina ba. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, yashi da ciyawar kacala sun toshe hanyoyin ruwa. Saboda haka wajen watan Agusta da Satumba, sa'anda gero ya kusa nuna, ruwa yakan fasa ya shiga gonaki da gidaje. Haka ya faru a 2010 da 2020. A 2022 kuwa ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta kori fiye da miliyan ɗaya daga gidajensu, Jigawa ma tana cikin jihohin da suka fi shan wahala.

Masu bi ba su da yawa a wannan ƙasa, ruwa kuma ba ya tambayar addinin mai gona. To, ina ta'aziyyar mai bi a irin wannan rana?

1. Ambaliya ba shaidar zunubin wani ba ce.

Sa'anda masifa ta sauka, zuciya takan ce, "Me na yi wa Allah?" Wani kuma yakan nuna maƙwabcinsa da yatsa. A zamanin Ubangijinmu wani soro ya faɗi a Siluwam, ya kashe mutum 18. Yesu ya faɗa a fili cewa waɗannan ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, sa'an nan ya kira masu jinsa duka su tuba. Gidan da ke kwari shi ruwa yakan fara ci, ko na mai adalci ne. Wanda gidansa ke kan tudu kada ya yi fahariya. Wanda rumbunsa ya rushe kada ya ce Allah ya yashe shi.

2. Allah yana tare da nasa cikin ruwa.

Ku duba Ishaya 43:2 da kyau. Ubangiji bai yi wa Isra'ila alkawari za su kewaye ruwa ba. Ya san za su ratsa ta cikinsa, ya kuwa yi alkawari ba za su ratsa su kaɗai ba. Aya ta fari ta ba da dalili: shi ya fanshe su, ya san sunansu, nasa ne.

Wani zai ce, "Amma akwai masu bi da suka rasa hatsinsu duka, akwai waɗanda suka binne 'ya'yansu." Gaskiya ne, kada mu ɓoye. Kuka ba rashin bangaskiya ba ne, gama Dauda ma ya yi kuka cikin Zabura 69 kamar mai nutsewa. Yesu da kansa ya shiga mutuwa dominmu, ya kuma fito da rai. Domin wannan Bulus ya tabbatar mana cikin Romawa 8:38-39 cewa ko mutuwa ba ta da iko ta tsinke mu daga ƙaunar Allah. Ruwa yana iya ɗauke gero da awaki da katanga. Wannan taska kuwa ba ya iya taɓa ta.

3. Ta'aziyyar Allah takan zo ta hannun 'yan'uwa.

Sa'anda Agabus ya gaya wa ekklesiyar Antakiya yunwa tana zuwa, ba su jira ta iso ba. Kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Mu ma mun san watannin ruwa. Bari kowace ekklesiya da ke kan tudu ta ajiye 'yan mudu na hatsi tun da kaka, da tabarmi da gidan sauro, domin waɗanda za su kwana a makaranta ko a bakin hanya. Galatiyawa 6:10 ta koya mana alherinmu na dukan mutane ne. Maƙwabcinka Musulmi da ɗakinsa ya faɗi, ka buɗe masa naka.

Ku kuma mazauna fadama, dogara ga Allah ba ta hana shiri. In mai unguwa ya kira gayyar ɗaga jinga ko yankan kacala, bari mai bi ya riga kowa fita da buhu da fartanya. Ku kai iri da tsofaffi da yara kan tudu da zarar hukuma ta yi gargaɗi. Ku tafasa ruwan sha, gama amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro sukan biyo bayan ambaliya. Irin da aka tsirar kuwa, shi za a shuka sa'anda ruwa ya janye.

TAMBAYOYI

1. Me Yesu ya ce game da mutum 18 na Siluwam?
2. Wane alkawari ke cikin Ishaya 43:2, wane ne kuma babu?
3. Yaushe 'yan'uwa na Antakiya suka fara tara gudummawa?
4. Me ekklesiyarku za ta ajiye kafin damina mai zuwa, wa kuma zai lura da shi?

ABIN ADDU'A

Mu tuna da mutanen Guri, da Kirikasamma, da Auyo, da Hadejia. Mu roƙi Ubangiji ya ta'azantad da masu makoki, ya ba shugabanni hikimar gyara hanyoyin ruwa, ya kuma buɗe hannuwanmu.