Kafin Ku Bar Windows ta Gwaji

'Ya'yana samarin Buza, da ƙannenku 'yan mata da suka fara zama gaban kwamfuta. Magana ce 'yar ƙarama zan yi muku a kan wani rubutu da nake gani a ƙasan allon kwamfutocin wasunku, can kusurwar dama, saman agogo. Layi biyu ne ko uku, ƙananan haruffa farare, da lambobi a jere. Da yawanku kun saba da shi har idonku ya daina ganinsa. Wanda na tambaya sai ya ce, "Baba, ai haka ta zo." Wani kuwa da fahari yake cewa, "Wannan ita ce ta yayi, ko a Yamai ba kowa ke da ita ba." Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai abin da rubutun nan yake faɗi shi ne, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, wato Windows ɗin da ke cikinta, ta gwaji ce. Masu ita ba su gama ta ba, kuma sun ɗibar mata wa'adi.

Ba abin kunya ba ne, ba kuma sata ba ce. Kamfanin Microsoft da kansa ya buɗe wannan ƙofa a watan Oktoban 2014, da shirin da ya kira Windows Insider, tun Windows 10 ba ta shiga kasuwa ba, don ita sai ranar 29 ga Yulin 2015 ta fito. Yarjejeniyar a fili take: kai ka ga sabon abu kafin kowa, su kuma su ga inda zai lalace a hannunka kafin su miƙa wa duniya. Wanda ya shiga da saninsa ya san abin da ya ɗauka. Damuwata tana kan wanda aka shigar bai sani ba. Kwamfutocin garin nan kaɗan ne aka ciro daga kwali. Wata yayanka ne ya zo da ita daga bida, daga Abijan ko Libiya ko Aljeriya. Wata an sayo ta Maraɗi ko Ƙonni ko Sakkwato, ta bi hannaye kafin ta iso naka. Wata kuma mai gyara ne ya soka mata kile ɗinsa ya zuba abin da ke ciki. A watan Yunin 2021 wata Windows 11 da ba a gama ba ta sulale ta bazu a intanet tun kamfanin bai yi shelarta ba, aka yi ta kwafarta hannu da hannu, alhali ta gaskiyar sai 5 ga Oktoba ta fito. Irin wannan kwafi yana daɗewa a aljihun masu gyara.

Abin da ya sa tsoho ya sa baki shi ne, yawancin abin da ke cikin kwamfutocin nan ba naku ba ne. Kai da ka buɗe ɗan shagon buga takardu da fotokofi, me ke cikin taka? Jerin sunayen 'yan lakkwal da wani darakta ya kawo daga Karofan. Lissafin ƙungiyar mata ta Tama, wa ta zuba, wa ta ci bashi. Hotunan bikin da ba za a sake yi ba. Kundin ƙarshen karatu na wani ɗalibin Jami'ar Tawa da ya kwashe watanni yana rubutawa, ya bar maka ka gyara masa shafuka. Duk amana ce. Ku tambayi iyayenku masu noman albasa a fadamun Tarka da Majiya: in aka kawo wa mutum sabon iri, ko an rantse masa ya fi na Galmi, ba ya watsa shi a duk garkarsa. Fangali ɗaya ko biyu yake ware masa a gefe, ya ga yadda zai yi da ruwan wurin, ya ga ko zai jure ajiya a rudu har farashi ya tashi. Sauran garkar kuwa irin da ya sani yake sa mata, don da ita zai ciyar da gida.

Zancen wa'adi ba tsoratarwa ba ce, an taɓa gani. A shekarar 2009 Microsoft ya raba Windows 7 ta gwaji kyauta, mutane suka yi rububinta, don ta fi Vista da ta gabace ta sauƙi da sauri. Kammalalliyar ta fito ranar 22 ga Oktoban shekarar, amma da yawa suka ce me za su canza, tunda wadda ke hannu tana aiki lafiya lau. Daga 1 ga Maris 2010 sai kwamfutocinsu suka fara kashe kansu duk bayan awa biyu, ko kana tsakiyar rubutu, abin da ba ka adana ba ya tafi. Ranar 1 ga Yuni wa'adin ya cika gaba ɗaya. Da suka nemi komawa kan kammalalliyar, sai suka tarar kamfanin bai buɗe hanyar ɗora ta a kan ta gwaji ba. Abin da ya ce a yi shi ne a kwashe kaya a zuba sabuwa daga tushe. Har yau wasu na gwaji suna zuwa da ranar ƙarewa a cikinsu. In kana son ganin taka, danna madannin da ke da tambarin Windows tare da harafin R, ka rubuta winver a ɗan akwatin da zai fito. Wata 'yar taga za ta nuna maka lambar ginin da kake kai, in ta gwaji ce mai wa'adi, har da ranar da za ta ƙare. Ka rubuta lambar da ranar a takarda.

Daga nan sai ka san ta wace ƙofa aka shigar da kai, don fita ba iri ɗaya ba ce. A shekarar 2023 ƙofofin shirin suka zama huɗu: Canary, Dev, Beta da Release Preview. Ta farkon ita ce mafi ɗanye, ta ƙarshen kuwa saura ƙiris ta nuna. Wanda ke cikin biyun ƙarshe ya yi sa'a. A saitin sabunta Windows akwai wurin da zai ce a daina aiko masa na gwaji, a cire shi idan kammalalliya ta fito. Ya danna, ya yi haƙuri, ranar da ta fito za ta hau kan tasa, takardunsa da manhajojinsa suna nan. Wanda ke cikin biyun farko kuwa sau da yawa lambar gininsa ta wuce ta wadda ke kasuwa, kuma Windows ba ta yarda a ɗora ƙaramar lamba a kan babba a bar kaya yadda suke. Nan ne yaro yake kwana yana danna sabuntawa, yana ƙona mega, yana zargin rezo, alhali laifin ba na Airtel ba ne, ba na Moov ko Zamani ba. Hanyarsa ɗaya ce, abin da kuke kira farmate, wato a goge komai a zuba sabuwa. Haka ma wanda aka zuba wa kwafin da ba a san asalinsa ba.

In ya zama sai an goge, to kada gaggawa ta shiga. Fara kwashe kayan mutane zuwa wani diski na waje ko kile, kuma kada ka yarda da ganin sunayen fayiloli kawai. Kai diskin wata kwamfuta, buɗe kundin ɗalibin nan ka ga ya buɗu har shafin ƙarshe, buɗe hotuna biyu ko uku. Kile na bogi sun yi yawa a kasuwa, wanda za a rubuta masa babban ciki, ka zuba masa kaya ya nuna ya karɓa, ka zo buɗewa ka tarar da wofi. Abin da ya fi muhimmanci ka ajiye shi wuri biyu. Duba saman allo da jakar abubuwan da aka sauko da su, don nan ne ake mantuwa. Rubuta kalmomin sirrin da na'urar ta daɗe tana tuna maka har kai ka manta. In diskin a kulle yake da BitLocker, akwai mabuɗin ceto mai lambobi 48, ka nemo shi ka rubuta a littafi kafin ka taɓa komai, don in ya nema ba ka da shi, babu mai gyaran da zai buɗe maka, ko a Tawa ko a Kano.

Sabuwar kuma ka ɗauko ta daga shafin kamfanin da kansa. Ta haura giga 5, kile ɗin da za a zuba ta kuma kada ya gaza giga 8. Na san abin da wannan yake nufi ga aljihun ɗan Buza, shi ya sa nake cewa ku haɗa kai. Ku huɗu ko biyar ku tara kuɗin mega, ko wanda zai je Madawa ko Tawa inda intanet ya fi ƙarfi ya sauko da ita sau ɗaya, kowa ya amfana. Ku zaɓi ta Faransanci in da ita kuka saba, ku kula da tsarin madannai, kada ku danna A ta ba ku Q. Ku zuba irin wadda na'urar take da lasisinta, ta gida ko ta ma'aikata, don in kun saɓa ba za ta karɓi lasisin ba. Ku tanadi 'yar manhajar da ke haɗa kwamfuta da injin buga takarda, da ta wayfai, tun kafin ku goge. Na ga shagon da ya wuni a rufe ranar kasuwa, mutanen ƙauye na tsaye da takardunsu a hannu, saboda injin bugawa ya ƙi gane sabuwar Windows kuma babu intanet ɗin da za a nemo masa abin da yake so.

Sai kuran, wato wutar lantarki. Yawancin kwamfutocinmu batirinsu ya gaji, da an zare waya sai su mutu. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar zubawa, na'ura tana iya tsayawa tsaka-tsaki, ba tsohuwa ba sabuwa. Kun ga yadda ƙasa ta sha duhu daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, kun kuma san yadda wuta take yi da bazara ko babu rikici. Ku yi aikin inda akwai batirin sola cikakke, da sassafe kafin zafi ya taso, ku ɗaga na'urar daga kan katifa ko tabarma don ta sha iska.

Ko kammalalliya ce, ban ce ku yi tsalle ku hau ta ranar da ta fito ba. A farkon Oktoban 2018 kamfanin ya saki wani babban sabuntawa na Windows 10, sai wasu suka wayi gari jakar takardunsu ta zama fanko. Cikin 'yan kwanaki aka janye shi, ba a sake sakinsa ba sai a watan Nuwamba. Abin takaicin, wasu daga cikin masu gwaji sun kai ƙorafin tun da wuri, amma ya nutse cikin tarin ƙorafe-ƙorafe. Don haka in sabuwa ta fito, ku bar ta ta yi makonni a hannun waɗanda suke da kwamfuta biyu. In kun hau ta kuma kun ga ba daidai ba, Windows tana ba da kwana 10 a koma wadda aka bari, muddin ba ku share jakar nan mai suna Windows.old don neman wuri ba. Yara da yawa ita suke fara sharewa saboda girmanta.

Na san abin da ke tura wasunku ga kwafe-kwafen da aka yi wa kwaskwarima. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya sa a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa: wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar da ba ta tsufa ba, a na Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Kwamfutocin bida da yawa ba su cika su ba. Amma wanda ya cire sharuɗɗan ya raba a intanet, ba ka san me kuma ya cusa a ciki ba, kai kuwa takardun mutane kake riƙe da su. Akwai wata hanya da ban cika jin kuna zancenta ba, wato Linux. Ubuntu, alal misali, kyauta ce, tana fitowa duk Afrilu da Oktoba, mai dogon tallafi ta shekara 5 kuma duk bayan shekara biyu, kamar ta Afrilun 2024. A wurinta wanda ya zuba ta gwaji ba ya buƙatar gogewa, in ya ci gaba da sabuntawa zai tsinci kansa a kan kammalalliya. Akwai danginta marasa nauyi da ke farfaɗo da tsohuwar na'ura. Sai dai ka fara tabbatar da injin bugawarka zai yi aiki da ita, ka kuma saba da LibreOffice, don takardar da aka tsara a Word wani lokaci layukanta suna gocewa.

Wayoyinku ma ba su tsira daga zancen gogewa ba. Wanda ya shiga gwajin Android ya fita kafin kammalalliya ta zo, yawanci sai an share masa wayar tas.

Ban zo hana ku gwaji ba, 'ya'yana. Ina so ma a samu a cikinku waɗanda za su san cikin na'urar nan fiye da masu gyaran birni, kuma ba a sanin ta sai an ɓata an gyara. In Allah ya hore maka wata tsohuwa da babu kayan kowa a ciki, zuba mata duk abin da ranka yake so, ka goge, ka sake. In ka ga inda ta lalace, rubuta wa masu ita ta wurin kai ƙorafi da suka tanada a ciki, ko da Faransancinka na lakkwal ne, ka faɗi irin na'urarka da abin da ka danna kafin ta tsaya. In kuwa guda ɗaya gare ka, kuma ita ce ta shago, to yau da dare bayan ka sallami mutane ka duba lambar ginin da ranar wa'adin, gobe ka nemi diski ka fara kwashe kayan jama'a.