HAWAN KEKE A ƘASAR DUWATSU

Maigida, wannan takarda dominka aka rubuta ta, kai da ke zaune a ƙasar tuddai, kamar Filato ko Mambila. In ka karanta, ka tara samarin gidanka ka karanta musu, don su ne suka fi hawan keke.

Keke abin amfani ne ga jiki. Yana ƙarfafa zuciya da huhu, yana kuma taimakon mutum ga tsare kansa daga hawan jini da ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako. Mai zuwa gona da kasuwa bisa keke ya cika wannan tuni, haka ma samarin da kan fita yawon shan iska ran hutu.

Amma fa ƙasar dutse dabam take da fili. Garin Jos ya ɗara teku da misalin ƙafa 4,000, duwatsun Shere sun kusa ƙafa 6,000. Inda ƙasa ta yi bisa haka, hanya ba ta rabuwa da hawa da gangara.

Hawa

Hawa gajiya ce kawai ga mai lafiya. In tudu ya fi ƙarfinka, sauka ka tura, ba abin kunya ba ne. Ka riƙe gorar ruwa mai tsabta, kada ƙishirwa ta sa ka sha na kududdufi. Amma wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri ya ɗebe shi, to, ya tsaya nan take, kuma ya zo a duba shi, ko da abin ya wuce.

Kan tudu ya fi gindinsa sanyi. Ka iso jiƙe da gumi, iskar hunturu ta buge ka, yatsu su sandare. Yatsan da ya sandare kuwa ba ya kama birki sosai. Saboda haka ka huta kaɗan, ka sa rigar sanyi, ka murza hannuwanka kafin ka soma sauka.

Gangara

Nan ne hatsarin yake. Mu ma'aikatan ɗakin magani ba safai a kan kawo mana wanda ya ji ciwo wajen hawa ba, galibi a gangara ne. Duk wanda ya san Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, ya san abin da nake nufi.

Tun a gida za ka gwada birki, na gaba da na baya. In robar ta cinye, sake ta. Kuɗinta bai kai na ɗaurin karaya ba. Masu taka taya da takalmi maimakon birki, wannan wasa da rai ne.

Ka soma kama birki tun daga kan tudu, kada ka bari sai keke ya kwasa da gudu. Fara da na baya, sa'an nan ka haɗa da na gaba sannu sannu. In ka danne na gaba shi kaɗai da ƙarfi, keke zai tsaya, kai kuwa ka wuce ta kansa. In gangarar doguwa ce, ka riƙa kamawa kana saki, don riƙo ba saki yana sa ƙarfen ƙafar keke ya yi zafi. Da damina kuma, in ƙarfen ya jiƙe, birki ba ya ci da wuri. Rage gudu kafin kwana, ba cikinta ba, musamman inda tsakuwa ta zube.

Kaya yana ƙara gudu wuyar tsaidawa. Buhun dankali a baya, ga yaro a kan ƙarfe, ga gangara, wane birki zai riƙe wannan? Sauka ku taka da ƙafa.

Ka bi hannun dama, yadda dokar Nijeriya take tun 1972. Da dare ka kunna fitila, ka sa riga mai haske. In kana da hali, sayi hular kwano.

In an faɗi

Wanke hannunka tukuna. Sa'an nan ka wanke raunin da sabulu da ruwan da aka tafasa ya huce, har ƙasa da tsakuwa su fita duka. Rufe shi da tsumma mai tsabta. In jini na zuba, danne wurin da tsumman, kada ka yi ta ɗagawa kana leƙe.

Kada a sa ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai. Ƙwayar ciwon sarƙe haƙora a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. In ta shiga rauni, bayan kwana 3 zuwa 21 sai muƙamuƙi ya ƙage, jiki ya sandare, sau da yawa har a rasa rai. Akwai allurar rigakafinsa, ka zo da mai raunin ran nan a duba ko yana bukatarta.

Wanda ya bugu a kai, a sa masa ido kwana biyu, ko da ya tashi yana dariya. In ya suma, ko ya yi ta amai, ko barci ya rinjaye shi, ko maganarsa ta rikice, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, a kai shi babban asibiti maza maza. In kuwa yana kukan wuya ko gadon baya, kada a zaunar da shi, kada a goya shi a babur. A sami ƙyaure ko faffaɗan katako a kwantar da shi a miƙe, mutum guda ya riƙe kansa kada ya motsa har a isa.