Tafiya Daga Kaliningirad Zuwa Kamcatka: Ƙasa Ɗaya, Kilomita 7,400

Darasinmu na wannan mako a kan nisan tafiya ne, kuma za mu ɗauki misali daga Rasha, ƙasar da ta fi kowace ƙasa girma a duniya.

A can ƙarshen yammacin Rasha akwai birnin Kaliningirad, wanda yake maƙale tsakanin ƙasashen Poland da Lituweniya, a bakin tekun Baltik. A ƙarshen gabas kuma akwai yankin Kamcatka a bakin tekun Fasifik, ƙasar duwatsu masu aman wuta. Kowannensu yana da filin jirgin sama. Idan aka auna tsakanin filayen biyu kai tsaye, za a samu kusan kilomita 7,400. Daga Kano zuwa Legas ta sama kusan kilomita 830 ne. Ke nan tafiyar ta ninka ta Kano zuwa Legas kusan sau tara, kuma duk filayen biyu a cikin ƙasa ɗaya suke!

Matafiyi yakan fara zuwa Mosko, babban birnin ƙasar, ya canza jirgi. Daga Mosko zuwa Kamcatka kusan kilomita 6,750 ne, jirgi yana yin kamar awa takwas da rabi a sama. Idan muka raba 6,750 da 8.5, za mu ga jirgin yana cin kusan kilomita 800 a kowace awa. Wani zai ce to a hau mota mana, ai ta fi araha. Babu hali. Babu titin mota ko layin dogo da ya haɗa Kamcatka da sauran Rasha. Mutane da kayan abinci da magani sai dai ta jirgin sama ko jirgin ruwa.

Ga abin da ya fi burge ni. A taswirar da ke jikin bangon aji, Kamcatka tana gabas da Mosko sosai, sai ka ɗauka jirgi zai miƙe gabas ne kawai. Amma arewa yake fara nufa, ya bi ta saman Saiberiya har ya shiga yankin ƙanƙara na Aktik, sannan ya gangaro. Dalili shi ne duniya a dunƙule take, taswira kuwa a shimfiɗe. Ku gwada da lemo: ku yi ɗigo biyu da biro a ɓangarensa na sama, nesa da juna, ku ja zare ya ɗame a tsakaninsu. Zaren zai bi ta kusa da saman lemon, ba zai zagaya ta gefe ba. Wannan ita ce hanya mafi kusa.

Sai maganar agogo, inda da yawa muke faɗuwa a jarrabawa. Rasha tana da lokuta 11. Kamcatka tana gaban Mosko da awa 9. Idan jirgi ya tashi daga Mosko ƙarfe 5 na yamma, zai sauka ƙarfe 1:30 na dare a agogon Mosko. A ƙara awa 9, sai ya zama ƙarfe 10:30 na safe a Kamcatka. Fasinja yana jin barci, mutanen gari kuwa har sun karya kumallo sun tafi aiki.

Tambayar mako: Kamcatka tana gaban Kaliningirad da awa 10. Idan ƙarfe 8 na dare ne ranar Litinin a Kaliningirad, ƙarfe nawa ne a Kamcatka, kuma wace rana ce? A rubuta amsa da suna da aji, a miƙa wa sakataren ƙungiya kafin ranar Juma'a.