Amsar Tambaya: Motsa Jiki Bayan Mura Mai Tsanani

Tambaya: Na yi fama da mura mai tsanani da tari, yanzu na fara samun sauƙi. Motsa jiki zai taimaka mini in warware? Wata baiwar Allah daga Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Zai taimaka, in an bi a sannu. Idan tsoka tana aiki, takan zuba wasu sinadarai cikin jini. Ɗaya shi ne IL-6, wanda in daga tsoka ya fito yakan zaburar da masu kwantar da kumburi, kuma kumburi ne ke wahalar da huhu bayan ƙwayar cutar ta lafa. Akwai kuma irisin, da masana a Harvard suka gano a 2012. A 2020 masu bincike a Brazil sun ga yana taɓa ƙwayoyin halittar da ƙwayar cutar korona ke dogaro da su. Sai dai a ɗakin gwaji aka ga haka, don haka kada ki ɗauke shi magani.

Don Allah, muddin akwai zazzaɓi, ki huta. In ya sauka, fara da tafiyar minti goma, ki rufe hanci in ana hazo. In kin ji ciwon ƙirji, bugun zuciya ko haki, ki tsaya ki ga likita, domin irin wannan cuta na iya kumbura tsokar zuciya.