Yadda Ɗalibin Rumbu Zai Samo Littattafan Binciken Zamantakewa

Ɗalibai da dama daga Rumbu, a gundumar Dakoro, kan ɗauka cewa babu wanda ya taɓa yin rubutu a kan yankinsu. An yi, da yawa ma, sai dai takardun a warwatse suke tsakanin Sakabal, Dakoro, Maradi, Yamai da intanet. Ga hanyar tattaro su.

Mataki na ɗaya: taƙaita tambayarka. Wanda ya shiga ɗakin karatu yana neman "zamantakewar Hausawa" zai fito hannu rabbana. Zaɓi abin da za ka iya riƙewa: zaman manoma da makiyaya a kwarin Tarka, ko tafiyar samari cin rani, ko asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a Nijar a 1991. Mafi yawan rubuce-rubucen da Faransanci suke, don haka ka tanadi kalmomin nema da wannan harshe, irin su foncier, transhumance da exode. Ka haɗa su da sunayen wurare yadda ake rubuta su a takardun hukuma: Roumbou, Sakabal, Dakoro, Tarka, Kornaka. In sunan Rumbu bai fito da komai ba, koma kan Dakoro, sannan Maradi.

Mataki na biyu: fara daga gida. Karɓi takardar gabatarwa daga makarantarku, ka nufi ofishin magajin garin Rumbu da ke Sakabal. Nemi kundin tsarin raya ƙaramar hukuma da ake kira PDC. A ciki ake samun jerin ƙauyuka, rijiyoyi, makarantu da kasuwanni. In batunka ya shafi gonaki da burtali, tambayi hukumar kula da filaye, wato Cofocom, daga nan ka wuce ta gunduma, wato Cofodep, a Dakoro. Ka leƙa ofisoshin noma da na kiwo na gunduma, domin rahotannin ayyukan raya karkara da ba a taɓa bugawa ba sukan kwanta a kabad ɗinsu. Yi sallama da ladabi, kuma kada ka ɗauki hoton takarda sai an ba ka izini.

Mataki na uku: nemi dokoki da alƙaluma. Mai nazarin ƙasa a arewacin Dakoro ba shi da makawa sai ya karanta dokoki uku: dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, kundin dokokin karkara na 1993, da dokar kiwo ta 2010. Yawan jama'a kuwa, ɗauko shi daga ƙidayar 2012 ta hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, kuma duk inda ka kawo adadi ka faɗi shekararsa.

Mataki na huɗu: tafi manyan ɗakunan karatu. A Maradi akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo; duba kundayen kammala karatu na ɗaliban fannin noma, waɗanda sukan taɓo sha'anin ƙasa da kiwo. A Yamai, ka ziyarci Jami'ar Abdu Mumuni da cibiyarta ta IRSH, mai buga jerin littattafan Études Nigériennes. Akwai kuma cibiyar LASDEL da aka kafa a 2001, da taskar tarihi ta ƙasa inda aka adana rahotannin zamanin mulkin mallaka, da CELHTO mai tattara tarihin baka. Ka faɗa wa mai kula da ɗakin karatu tambayarka dalla-dalla. Shi ya san abin da ke kan kanta wanda bai shiga kwamfuta ba.

Mataki na biyar: yi amfani da intanet da dabara. Sadarwa ba ta da ƙarfi a ƙauye, saboda haka ka rubuta jerin abin da kake so, in ka shiga Dakoro ko Maradi ka sauke su gaba ɗaya a waya. LASDEL na sakin rahotanninta kyauta. Haka ma rumbun Horizon na cibiyar IRD ta Faransa, da Persée, da OpenEdition. Nemi sunan Claude Raynaut da Guy Nicolas, waɗanda suka daɗe suna bincike a ƙasar Maradi, da Emmanuel Grégoire, wanda littafinsa kan alhazan Maradi ya fito a 1986. In ka samu littafi ɗaya mai kyau, juya ƙarshensa ka bi manazartarsa. Zai kai ka ga wasu.

Mataki na shida: rubuta, ka tantance. Ware littafin rubutu guda: sunan marubuci, taken aiki, shekara, shafi, da wurin da ka same shi. Tambayi kanka wa ya rubuta, yaushe, kuma wa ya biya kuɗin aikin, domin rahoton ƙungiya yakan fifita nasarorinta. Sannan ka kai abin da ka karanta gaban dattawa, masu gari da arɗo, ka ji inda suka yarda da inda suka musanta.

Ɗan'uwa ɗalibi, in Allah Ya sa ka kammala, ka buga kwafi guda na kundinka ka kai ofishin magajin gari a Sakabal, domin ƙannenka da za su biyo baya su tarar da abin farawa a gida.