Darasin rufi: daga ƙasa ake farawa

Damina ta ƙarato, kuma duk wanda ɗakinsa ya taɓa yoyo da tsakar dare ya san wahalar: tabarma ta jiƙe, hatsi ya lalace, yara su kwana a zaune. Darasinmu na yau kan rufi ne. Za mu ɗauki misali da shingil, rufin da ya fi yawa a gidajen Amurka da Kanada, domin ƙa'idarsa ɗaya ce da ta rufinmu.

Shingil falle ne da ake yi da zaren gilashi, a shafe shi da kwalta, a barbaɗa masa ƙananan tsakuwa don kada rana ta cinye shi. Wanda aka saba gani tsawonsa kusan santimita 91 ne, faɗinsa 30. Ga yadda ake ɗora shi:

1. A rufe saman ɗakin da allunan katako masu gangara, domin shingil ba ya riƙe ruwan da ya kwanta.
2. A shimfiɗa takardar kwalta a kan katakon, a kafa siririn ƙarfe a bakin rufin don ruwa ya ɗiga nesa da katako.
3. A fara jeri na farko daga bakin rufin, can ƙasa.
4. Kowane jeri ya hau kan na ƙasansa, ya bar kusan santimita 13 kawai a fili.
5. Mahaɗar jerin sama kada ta zo daidai da ta ƙasa. A gusa ta kamar santimita 15.
6. Kowane falle ƙusa 4, inda iska ke da ƙarfi kuma 6. Jerin sama ne ke rufe kan ƙusoshin.
7. Ƙololuwar rufin ita ce ƙarshe.

Dalilin duk wannan ɗaya ne. Ruwa gangarowa yake yi, saboda haka dole na sama ya rufe na ƙasa. Masu jinka sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa daga gindi suke fara naɗa ciyawa.

To, ga yadda za mu yi aiki da wannan a sansani.

Mai kwano ya fara daga ƙasa, na sama ya hau na ƙasa da aƙalla santimita 15. A buga ƙusa a kan tudun kwanon, kada a buga a kwarin da ruwa ke bi. Hadarinmu galibi daga gabas yake tasowa, don haka a fara jerawa daga yamma, yadda bakin mahaɗa zai ba iska baya.

Mai tamfol ya ja shi ya miƙe sosai, kada ya bar inda ruwa zai taru. Ƙusa tsirara yaga shi take yi. A danne shi da siririn katako, ko a huda murfin kwalba a sa ƙusar ta ciki. Idan tamfol biyu za a haɗa, na sama ne zai hau na ƙasa.

Kada a hau rufi yana jiƙe ko ana iska, kuma wani ya riƙe tsani. Matasa, a fara duba ɗakunan tsofaffi da na mata masu marayu kafin ruwan farko ya sauka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.